Gilashin Hilux mai sauka amma ba ya hawa, da inda munka iske cutar

Ranar wata Talata ce farkon damina, hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, sai ga wani direba ya shigo garejinmu nan Birnin Kebbi da Hilux fara mai ƙofa huɗu, tsohuwar nan da ake ce ma Vigo. Tun bai kashe mota ba na ga abin da ya kawo shi, don tagar gaba ta gefen mai zaman banza an rufe ta da leda an zagaye da salatif, iska na kaɗa ta fat fat. Motar ta wani Alhaji ce mai noman shinkafa a fadamar Argungu, ita ka kai taki da injin ban ruwa da jarkokin fetur da ma'aikata, wato mota ce da ba ta san hutu ba kuma ba ta san kwalta ba sai in za ta shigo gari.

Munka gaisa, ya ce, Malam don Allah ka taimake ni da gilashin ga, Alhaji ya fara ganin kamar ni ka cin kuɗinshi. Na ce mi ya faru. Ya ce gilas ne ya sauka ya ƙi hawa, ya kai wurin wani mai rewaya, mutumin ya buɗe ƙofar ya ce injin gilas ne ya ƙone, anka sayo wani ɗan Beljiyam anka sa, a gabanshi anka gwada gilas ya hau ya sauka lafiya lau, ya biya ya kama hanya, bai kai Kalgo ba yaron da ke zaune gaba ya sauke gilas don ya tofar da yawu, shi ke nan ya sake ƙin hawa. Da ya koma sai anka ce mashi to ai suwic ne, ya kawo kuɗin babban suwic na gefen direba. Nan ne Alhaji ya ce a'a, a nemi wani.

Ba zan zagi wanda ya fara aikin ba, ni ma shekarun baya na taɓa canza ma mutum sitata sabuwa alhali kan batir ne kawai ya yi tsatsa. Amma abin da na koya tun daga lokacin shi ne kada hannuna ya taɓa sukudireba sai na gama tambaya da latse-latse. Sai na ce ma direban ya ba ni makulli, na buɗe wuta ban tada inji ba, na zauna kujerar direba na rufe ƙofa, na bi suwic ɗin ɗaya bayan ɗaya. Gilashin direba shina hawa shina sauka. Na baya guda biyu duk suna aiki, ko da yake na dama shina tafiya kamar wanda ya kwana da yunwa. Na latsa na gefen mai zaman banza daga wurin direba, sama shiru, ƙasa shiru, ko ƙaras babu. Na duba ɗan botin ɗin nan na kulle gilasai wanda ake dannawa saboda yara, ba a danne yake ba, na danna na saki sau biyu don na tabbata. Sai na zagaya na latsa suwic ɗin da ke jikin ita ƙofar mai matsalar, da na danna ƙasa na ji injin ya yi gunji shina son juyawa duk da gilas ya riga ya kai ƙarshe, da na ja sama kuma kamar ban taɓa komai ba.

Wanga ɗan gwajin na minti uku ya riga ya wanke abubuwa da yawa. Fiyus ɗin gilasai mai ams 30 da rile ɗinshi, wato ɗan akwatin da ka sakar ma gilasai wuta, lafiyarsu ƙalau, don da su ne da duk gilasan sun mutu tare. Inji kuma ba a ƙone yake ba tunda ga shi shina amsawa ta gefe ɗaya, kuma wanga shi ne abin da mutane da dama ba su sani ba, injin gilas ba inji biyu ba ne a ce na ɗagawa daban na saukewa daban, inji ɗaya ne mai waya biyu kacal. In ka ba wayar farko wuta ta biyu ta zama negatif sai ya juya hagu, in ka juya masu sai ya juya dama, aikin suwic ke nan, musanya wayoyin kawai. Don haka injin da ya iya saukewa zai iya ɗagawa in dai anka ba shi abin da yake so.

Akwai kuma dabarar fitilar rufin mota da maigidana ya koya man tun ina yaron shago. Ka kunna ta, ka latsa suwic kana kallonta. In ta ɗan dushe to wuta na shiga inji, shi ne ya cije ko gilas ya maƙale. In ko ba ta motsa ba to wutar ba ta zagayawa sam, a nemi inda hanya ta yanke. Da na danna ƙasa ta ɗan lumshe, da na ja sama ko gezau.

Lokacin iska ta fara tasowa da ƙura, direba sai kallon sama yake, na ce ma yarona kai ɗauko fitilar gwaji da guntuwar waya maza. Munka kwance murfin cikin ƙofa, ba mu sha wahala ba don rabin kilif ɗin an riga an karya su, ledar da kamfani ka mannawa ciki don tare ruwa kuma an yage ta an cusa ƙasan ƙofa kamar tsumma. Na zare soket ɗin inji. Na maƙala fitila tsakanin wayar ɗagawa da jikin mota, yaro ya ja suwic sama, fitila ta kama tar. To wuta na zuwa. Na maida fitilar tsakanin wayoyin injin guda biyu, ya sake ja sama, duhu. Ya danna ƙasa, ta kama. Ma'ana in za a ɗaga, wuta na isowa bakin inji amma ba ta da hanyar komawa, kamar ka buɗe ruwa ya shigo fangali ka toshe mafita. Sai na maida soket, na soka guntuwar waya ta bayanshi a kan wayar saukewa na dangana ɗaya bakin da ƙarfen ƙofa, na ce ja sama kuma kada ka kuskura ka danna ƙasa, don in ya danna ƙasa da wagga waya a jiki wuta za ta tafi jikin mota kai tsaye fiyus ya tashi. Ya ja. Gilas ya taso a hankali shina kuka har ya rufe, ruwa kuma ya sauko kamar jira yake. Direba ya ce Allahu akbar, to a bar shi haka mana Malam. Na ce in an bar shi haka gobe wani ya sake tofar da yawu fa?

Munka fake cikin rumfa ruwa na zuba, nan na zana ma yarona tsarin a bayan kwalin filta don shi ma tambaya yake ta yaya waya ɗaya za ta hana hawa ta bar sauka. A irin wagga mota, daga babban suwic na ƙofar direba waya biyu ka fita zuwa kowace ƙofa, ɗaya ta ɗagawa ɗaya ta saukewa. In ba a taɓa komai ba, babban suwic shina riƙe da su duka biyun a kan negatif, ta cikin wancan botin na kulle yara, shi ya sa in ka danna shi gilasan fasinja ka mutuwa, negatif ɗin ne yake yankewa. Shi ƙaramin suwic na ƙofar fasinja shina da tashi wutar, amma ba shi da negatif na kanshi, aro yake daga ƙofar direba. In fasinja ya danna ƙasa, wuta ta shiga inji ta fito ta bi wayar ɗagawa ta koma ƙofar direba. In ya ja sama, wuta ta shiga ta ɗaya gefen ta fito ta bi wayar saukewa ta koma. To ka ga in wayar saukewa ce ta tsinke, ɗagawa ce za ta mutu a hannun fasinja, abin kamar a juye. Shi ko direba daga wurinshi dole sai da wayoyin biyu, ɗaya ta kai ɗaya ta dawo, don haka ko wacce ta tsinke shi ba sama ba ƙasa. Daidai abin da motar ke yi ke nan, ba ragi ba ƙari. Sababbin motoci da yawa ba haka suke ba, suwic ɗin saƙo kawai yake aika ma kwamfuta ita ta ba inji wuta, don haka kada wani ya ɗauki zanen kwalina ya tafi da shi kan motar bara.

Saura a san ina ne a tsawon hanyar, don wayar ta taso daga ƙofar hagu ta ratsa ƙarƙashin dashbod ta shiga ƙofar dama, kuma shi kanshi ƙaramin suwic ɗin abin zargi ne tunda ta cikinshi take wucewa. Da ruwa ya tsagaita na zare soket ɗin ƙaramin suwic, na ce ma yaro ya zauna wurin direba ya danne ƙasa ya riƙe. A nan ne na kusa ruɗewa, don da na fara sa mitar auna wuta a bakin wayar saukewa sai ta nuna man bolt 12 da 'yan kai, na ce to waya lafiya, suwic ne. Allah ya sa ban tsaya nan ba. Ita mita ba ta cin wuta, ko sili ɗaya na jan ƙarfe ya rage shina ɗan shafar ɗan uwanshi za ta nuna maka 12 cif, amma inji ba zai samu abin juyawa ba. Shi ya sa nake da wata fitilar gwaji da na haɗa da kaina da ƙwan fitilar gaba mai wat 55, tana jan sama da ams 4, kusan irin nauyin da injin gilas ka ɗora ma waya in shina tafiya lafiya. Na sa ta a daidai inda mita ta ce akwai wuta, ko ja ba ta yi ba.

Ina duƙe haka sai zafi ya dami yaron cikin mota don gilasai a rufe, ya tura ƙofar direba da ƙafa hannunshi na kan suwic, kawai fitila ta haske man fuska. Na ce tsaya! Ja ƙofar. Ya ja, ta mutu. Tura. Ta kama. Munka yi ta haka kamar masu wasa, in ƙofa ta kai rabi fitila ta kama, in ta rufe ta ɗauke. Direba da ke tsaye ya riƙe baki ya ce wallahi ranar da anka sa injin nan ƙofata a buɗe take, ina zaune ƙafata ɗaya waje. To ka ji yadda anka yi sabon inji ya yi aiki a gareji ya mutu a hanya. Ba wanda ya yi ƙarya, an dai gwada ne ƙofa na buɗe.

Don kada in yi aikin zato na sake gwadawa wuri biyu ƙofa na rufe, a bakin babban suwic fitila na kamawa, a soket ɗin da ke ƙasa wajen ƙafar direba inda wayoyin ƙofa ka haɗuwa da na cikin mota babu. Tsakanin wurin biyu ba komai sai wannan robar mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota kusa da hinji. Na cire kan batir na negatif, na ɓanɓare robar daga bakinta biyu na tattare ta gefe. Da ido ba ka ganin komai, wayoyi ne sun sha jar ƙasa. Sai na kama su ɗaya ɗaya ina ja a hankali da yatsu, lafiyayyar waya ba ta miƙewa, ta huɗu da na ja sai ta biyo ni kamar ɗanko, bawon lafiya amma ciki wayam. Na tsaga da reza, silin jan ƙarfen duk sun karye bakinsu ya yi baƙi alamar sun daɗe suna tartsatsi, in ƙofa ta buɗe sai su matsu su haɗu, in ta rufe su rabu. Kusa da ita wasu biyu bawonsu ya tsattsage, ɗaya mai kauri ce kuma ita ce negatif ɗin babban suwic gaba ɗaya, ta fara yin kore, rabin silinta sun tafi. Da an ƙara wata ɗaya ko biyu da gilasai huɗun za su mutu rana ɗaya, a ce kuma suwic ne.

Ba abin mamaki ba ne. Ƙofar direba ita ta fi kowace buɗuwa, balle motar gona da ake tsayawa kowane fangali, kuma duk buɗewa sai wayoyin nan sun lanƙwasa a wuri guda. Ga zafinmu na watan Afrilu da ka haura digiri 40, mota na shanye a rana, robar waya ta bushe ta yi tauri ta daina lanƙwasa sai dai ta karye.

Wajen gyaran ne nake da tsauri, don a nan mafi yawa ake ɓata aiki. Abin da anka saba shi ne a fere bakin biyu a murɗa a naɗe da salatif a tura cikin roba, wanga ba ya shekara, wani lokaci ko wata ba ya yi, saboda an sa haɗin a daidai inda ake lanƙwasawa kuma wayar ta gajarce. Ko da dalma ka like, in dai a tsakiyar robar ne zai karye a gefen likin don wurin ya zama sanda. Ni sai na zare soket ɗin ƙafar direba na jawo damin wayar waje, na yanke kowace daga cikin ukun da nisa, na sa sabon tsayi kamar taƙi ɗaya da rabi, haɗi ɗaya ya faɗa can cikin ƙofa ɗaya kuma cikin mota, abin da ke cikin robar ya zama lafiyayyar waya ba gaɓa. Wayar kuma ta mota ce mai sili ƙanana da yawa, kaurinta daidai da wadda na cire, daga tsohon damin waya na wata mota na yanko, ba wayar gida ba kuma ba wayar lasifika ba. Na like da dalma, na sa robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, na jera haɗin ba a wuri ɗaya ba don kada su yi ƙulli. Ɗaya nake yankewa in gama da ita kafin in taɓa ta gaba, don akwai masu launi kusan iri ɗaya, ka haɗa su a juye ka ja sama gilas ya yi ƙasa. Na bar masu ɗan sassauci, na maida roba ta zauna daram a bakinta biyu don in ba ta zauna ba ruwa ta nan zai bi ya sauka kan soket.

Munka maida batir, wannan karon na ce kowa ya shiga a rufe ƙofofi duka. Daga wurin direba sama da ƙasa, daga wurin fasinja sama da ƙasa, sannan yaro ya riƙa kaɗa ƙofar direba ina latsawa, bai yanke ba ko sau ɗaya. Amma hawan bai gamsar da ni ba, gilas na tafiya da nishi, in ya kai kusan rabi sai ya karkata gaba kaɗan ya rage gudu, da munka yi sau biyar a jere sai ya tsaya cak. Direba ya ce inna lillahi ya dawo. Na ce bai dawo ba, ba shi minti ɗaya. Cikin injin akwai ɗan abin kariya da ka yanke wuta in ya yi zafi, in ya huce ya maida da kanshi, kuma ba ya yin zafi haka nan sai in inji na jan kaya fiye da ƙarfinshi, injin da ya cije shina iya jan ninki uku ko huɗu na abin da ya saba. Na sa yatsa cikin robar da gilas ka bi ta gefe, abin da na kwaso kamar an kwaɓa jar ƙasa da mai, ashe wani ya taɓa zuba baƙin mai wai don ya yi santsi. Baƙin mai da roba ba su shiri, shina kumbura ta, kuma duk ƙurar hunturu da ta bazara a nan za ta manne. Munka wanke da tsumma da ruwan omo a bakin siririn itace har tsumma ya daina fitowa ja, ya bushe, na fesa silikon. Ƙarfen ɗaga gilas ɗin irin mai almakashi ne, tsohon giris ya daskare a haƙoran da kan layin da tayoyin ka bi, na goge na sa sabo, kuma na iske noti ɗaya cikin masu riƙe gilas a kwance, shi ne ke sa shi karkata. Wanda zai sa hannu cikin wanga almakashi ya zare makulli tukuna, na san wanda ya bar farce a ciki. Bayan nan gilas ya riƙa hawa cikin 'yan daƙiƙu ba kuka. Tunda hannu ya riga ya ɓaci munka yi ma na bayan ma, munka buɗe ramukan ƙasan ƙofa da laka ta toshe, na yanko leda mai kauri na manna a madadin wadda anka yaga.

Har mun fara wanke hannu direba ya jawo wani abu a baƙar leda daga bayan kujera ya ce ga tsohon injin da anka cire, ko za a samu mai saye a kilo. Na karɓa na ɗora wayoyinshi biyu kan batir ɗin shago, ya juya, na musanya, ya juya ta ɗaya gefen, sumul, ya ma fi ɗan Beljiyam ɗin da ke jikin motar daɗin sauti. Direba ya yi shiru sannan ya kira Alhaji ya miƙo man waya ya ce don Allah kai ka faɗa mashi da bakinka.

Na ce ranka ya daɗe an gama, waya ce ta karye a ƙofar direba. Ya ce wace ƙofar direba kuma, ni ƙofar fasinja na aiko a gyara. Na ce ita ce ta yi ciwo Alhaji amma cutar na ɗaya gefen. Ya ce to injin da na saya fa? Na ce shina jiki shina aiki, tsohon ma lafiyarshi lau, a adana shi kada a sayar. Ya ɗan yi jim, ina jin ƙarar injin ban ruwa ta bayanshi, sannan ya ce to Malam tunda ga ta hannunka, duba man hon, shi ma sai an karya sitiyari hagu yake kuka.